Gyaran Da Ya Ɓata Buhu Sittin

Kamazou, Kaduna
Ranar Alhamis da yamma

Zuwa ga 'yata Rahila, Uwata ta kaina,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki zaune lafiya a kujerarki, motarku da tayoyi masu kyau, direbanku kuma magidanci mai son komawa wurin iyalinsa. Allah ya tsare ki daga nan har Legas, ya kuma tsare ki a cikin Legas ɗin, don an ce can ne aikin tsaron yake.

Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali tana ɗaki na gaba, har ina jin ƙarar jan akwatinki daga inda nake zaune. Amma duk lokacin da na fara yi miki magana baki da baki, kafin in kai rabi sai ke da mamanki ku dubi juna, ni kuma in rasa inda na tsaya. Takarda ba ta duban kowa. Zan sa ta a jakarki ta hannu gobe da safe, ki buɗe bayan kun fita gari.

Ba zan ba ki shawara a kan sabon aikinki ba. Kamfanin da ya ɗauke ki aikin takardun fitar da kaya waje ya san abin da ya gani a wurinki. Maganata a kan ƙulli ukun nan ne da ke ƙasan akwatinki, waɗanda ɗakin gwaji ya liƙe ya buga wa hatimi. Samfurin waken matan zumuntar cocin ƙauyenmu ne, za ki kai wa masu saye uku. Wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa Mama Tabita, uwar zumunta, ta ce ta yarda a sake gwadawa sau ɗaya tak, da sharaɗin hannuna ba zai taɓa kayan ba. Kin sha jin ana kirana Baba Gyara a coci, kina tsammani don ina yawan gyara wa mai sanarwa kwanan wata ne in ya yi kuskure. Na bar ki a kan wannan fahimta shekara da shekaru domin ta fi daɗin ji. Ba ita ce gaskiya ba. In ƙullin nan suka isa yadda suka bar nan, matan za su sami masu saye, ni kuma wataƙila in mutu da sunana na baftisma, Bitrus. In ba su isa haka ba, Mama Tabita ta riga ta faɗa mini abin da za a rubuta a kabarina.

Ga yadda abin ya faru.

Bayan masaƙar da nake aiki a Kakuri ta rufe, na shiga harkar wake. Ba gona gare ni ba, amma ina da abu biyu da matan ƙauyenmu ba su da su: ina zaune a birni, kuma ina iya cika takarda ba tare da na goge ba. Su noma, ni in nemo mai saye. Ta haka na haɗu da Oga Sunday, wani ɗan kasuwa a Legas da ke tura busasshen wake zuwa shagunan mutanenmu da ke Turai. Ya ce yana son buhu sittin, kowanne kilo hamsin daidai, farin wake, ba ƙwaro, ba tsakuwa, ba maganin ƙwari. Matan suka yi abin da ya kamata. Suka tsince, suka shanya, suka zuba a irin buhun nan mai leda biyu a ciki wanda in an ɗaure iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Da aka kawo kayan Kaduna, Oga Sunday ya turo mai gwaji ya ɗebi samfur, sakamako ya fito tas. Aka juye a sababbin buhuna, aka ɗora a sikeli ɗaya bayan ɗaya, aka ɗinke. Kina aji ɗaya a sakandare a lokacin. Ranar Litinin aka ɗinke, ranar Laraba mota za ta ɗauka. Na duba littafina don kada in yi miki ƙarya, Laraba ce.

Talatar da ke tsakani ita ce ta halaka ni.

Da safe na shiga ɗakin ajiya na tsaya ina kallon buhunan, sai wata kunya ta kama ni. Uwata, ke kin san kasuwarmu. Ko wake mudu ɗaya kika saya a kasuwar Sabo, in mai sayarwa ta gama awo sai ta ɗebi ɗan kaɗan da hannu ta ƙara a sama. In ba ta ƙara ba, za ki tsaya da ledarki a buɗe har sai ta tuna. Gyara ba kyauta ba ce kawai, sallama ce, cewa ne ki dawo gobe. To ni ga mutum ya sayi buhu sittin, zan sallame shi hannu rabbana kamar wanda muka yi faɗa? Me zai ce game da mutanen Kaduna?

Akwai wani babban buhun farin wake da na sayo a kasuwa don cin gida. Na zaɓe shi ne domin kyansa. Wata biyu yana ajiye, ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba, ina ta yabonsa. Ya kamata in tambayi kaina abin da ƙwaro ya sani wanda ni ban sani ba. Mamanki ta ce tana jin wani wari a jikinsa, a bari ya sha iska tukuna kafin a dafa. Na ce mata warin sabon buhu ne.

Na ɗauki reza da basilla da zare. Na farke bakin buhu sittin, na zuba mudu guda a saman kowanne, na sake ɗinkewa. Na fara ƙarfe bakwai da kwata na safe, na gama biyu saura na rana. Ban gaya wa kowa ba, domin alheri in an yi shelarsa ladansa ya ragu. Ɗinkina ma ya fi na asali kyau, shekara sha tara na yi a masaƙa.

Bayan kwana shida Oga Sunday ya kira ni. Ya fara da tambayar ko sikelinmu na da lafiya, don kowane buhu ya haura kilo hamsin, takarda ta ce wani abu, sikeli ya ce wani abu, kuma a tashar jirgin ruwa ba a son kaya su yi gardama da takardarsu. Na yi murmushi a waya, na ce ai gyara ne. Ya ce gyaran me, me ya lalace? Na yi masa bayani da Turanci, a hankali, har da misalin kasuwar Sabo. Sannan ya gaya mini cewa kafin a sa kaya a kwantena ana sake gwaji, an sake, an kuma sami fiya-fiya a wakenmu. Mai sayar da wancan kyakkyawan buhu ya yayyafa masa maganin don kada ya yi ƙwari. Na ce amma mudu ɗaya ne kawai a cikin kilo hamsin, sauran duk mai tsabta ne. Ya tambaye ni a ina na zuba mudun. Na ce a sama mana, a ina ake zuba gyara? Ya ce to mai gwaji ma daga sama ya fara ɗiba.

Daga nan ya yi mini tambaya ɗaya da har yau take tashi na daga barcin rana.

"Mista Bitrus, wa ya aike ka?"

Na yi digiri tun daga baya, har yanzu ina neman amsarta.

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ni ban tsaya a ɗaya ba, mudu sittin na zuba, da hannuna, da kyakkyawar niyya. Don haka ga shawarata ta farko, ita ce kuma babba. Abin da aka gwada aka rufe, ya rufu. Kada ki buɗe don ki duba, kada ki buɗe don ki nuna wa abokiyar zama a mota, kada ki ƙara ko ƙwara ɗaya. A kasuwar waje kilo hamsin yana nufin hamsin, wanda ya ba da hamsin da ɗaya maƙaryaci ne daidai da wanda ya ba da arba'in da tara. In zuciyarki ta matsa miki sai kin yi wa mai saye alheri, ki gaishe shi da kyau, ki tambayi lafiyar iyalinsa, ki saya masa lemo. Kada alherin ya shiga buhu.

Ina nanata miki wannan ne domin na san hannun da kika gado. Kin tuna shekarar da kuke kira shekarar wake, ke da 'yan'uwanki? To wannan waken ne. An dawo mana da buhu sittin har ƙofar gida. Muka kwashe saman kowanne kusan kamu biyu muka binne, aka gwada na ƙasa aka ga lafiyarsa lau, amma Oga Sunday ya ce ko mala'ika ne ya sa hannu ba zai karɓa ba. Babur ɗina ya tafi a wannan shekara, ba zan yi maganarsa ba. Muka sayar da abin da ya sayu, muka ci sauran. Ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, alale da yamma, ɗanwake ranar Asabar, ranar Lahadi kuma mamanki ta ƙirƙiro wani abu da har yau ba shi da suna. Kujerun da ke kusa da namu a coci suka riƙa zama babu kowa, ban taɓa tambayar dalili ba. Mamanki ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, ke kina miƙa wa mutane. Na tsaya ta taga na gan ki da idona: wanda ya sayi biyar sai ki yi masa gyaran uku, in ya yi murmushi ki ƙara ɗaya. Mamanki ta juyo ta dube ni. Jini ne, Uwata. Ki riƙe hannunki na dama da na hagu.

Ranar da na je ƙauye yi wa matan bayani, sun taru a ƙarƙashin mangwaron coci. Na shirya jawabi mai shafi biyu. Ban gama sakin layi na farko ba Mama Tabita ta ɗaga hannu, ta tambaya ko ta fahimce ni daidai: su sun yi wata uku suna tsince wake ƙwara ƙwara, ni kuma na yi wuni guda ina gyara shi. Na ce rabin wuni ne. Ba ta gode mini da wannan gyaran ba. Ta ce, "Ɗana, da sata ka yi da mun san addu'ar da za mu yi maka." Daga ranar suka koma sayar wa 'yan kasuwar da ke zuwa bakin gona da kaka, masu saye yadda suka ga dama. Duk shekarun nan haka suke yi, kuma ni ne sanadi. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, ko da yake su matan sun fi kowa dariya in sun gan ni.

Ba a jima sosai ba bayan haka Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya gaba ɗaya, domin ragowar maganin ƙwarin da suke samu a ciki ya wuce abin da dokarsu ta yarda. Aka faɗa a rediyo. Lahadin da ta biyo baya ina shiga harabar coci, dattawa suna zaune a benci, sai ɗayansu ya miƙe ya cire hula ya ce a ba da hanya, ga mutumin da ya rufe Turai da mudu. Ina so ki san gaskiya, ki kuma faɗe ta in an tambaye ki a Legas: wakena bai taɓa hawa jirgi ba. Bai wuce ɗakin ajiyar Oga Sunday ba. Turai ba ta san da ni ba. Wannan magana ce ta ci gaba da cin raina har na shiga jami'ar karatu daga gida ina da shekara hamsin da huɗu, don in fahimci abin da ya same mu. A kundin kammala karatuna na rubuta shafi uku ina tabbatar da cewa kayan da ba su bar ƙasa ba ba za su iya jawo wa ƙasa takunkumi ba. Malamin da ke duba ni, wanda na girme wa da shekara ashirin da biyu, ya ja layi a kan shafukan ukun, ya rubuta a gefe cewa ba wanda ya zarge ni. Bai san cocinmu ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko tsufa, sai dai ban gan shi ba sai da ƙofar nan ta rufe. Mai saye ɗaya gare ni, shi kuma kasuwa ɗaya gare shi. Ko da ban yi gyara ba, ko da buhunan nan sun tafi lafiya, a shekara ta gaba da mun zauna da wake a ɗaki, domin Oga Sunday ya bar wake ya koma citta da zoɓo, bai ko waiwayo ba. A lokacin da abu ke tafiya, wata mata mai kai wake Ghana ta taɓa nemana sau biyu. Na ce mata mu da Turai muke harka. Na faɗi haka ina gyara wuyan riga. Da na neme ta daga baya, ta ce ai ta ji mu da Turai muke harka, ba ta so ta dame mu.

Shi ya sa ƙullin uku ne, masu saye uku, ba kuma hanya ɗaya suke bi ba. Na farko na wata Madam ce mai loda wake zuwa Ghana ta mota, tana son fari mai manyan ƙwayoyi. Na biyu na mutumin da ke niƙa wake ya zuba gari a leda don masu alale da ƙosai, yana sayarwa a manyan shagunan Legas, yana kuma neman kasuwa a waje. Na uku na Ba'indiye ne, zan zo kansa. In ɗaya ya yi miki fara'a ya ce zai kwashe duka, ki ba shi nasa kawai, ki je wurin sauran biyun. In ɗaya ya ɓata fuska, kada ki yi kuka a gabansa, akwai biyu. Kada ki raina na kusa don na nesa ya fi daɗin faɗa a coci. Ɓeran da ke da rami ɗaya, ranar da aka toshe shi a fili zai kwana.

Yanzu Ba'indiyen. Wannan kuskuren ko mamanki rabinsa ta sani.

Shekara uku da suka wuce na haɗu da shi a wani baje kolin kayan gona a nan Kaduna. Ya ga katin da na rataya a wuya an rubuta wake, ya tsaya ya tambaye ni ko muna da wani iri, ya faɗi sunansa da Turanci. Ban taɓa jin sunan ba. Amma kin san ɗan kasuwarmu ba ya cewa babu. Cewa yake akwai, sannan ya ba ka kujera ya zaga bayan shago ya tambayi maƙwabci. Na ce akwai, da yawa ma. A raina na ce duk inda aka je aka dawo wake ne. Washegari na sa kwat ɗina na biki na kai masa farin wakenmu a kwalba, a masaukinsa da ke Barnawa. Ya juya kwalbar, ya ce yana da kyau, amma ba shi ya tambaya ba. Na koma na kawo ja. Ya ce ba shi ba. Na kawo waken soya. Na kawo gujiya. Zuwa na huɗu mai gadin masaukin ya daina tambayata wurin wa na zo, sai dai ya ce yau kuma wanne ne. A ƙarshe mutumin ya ji tausayina ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoto.

Uwata, waken Turawa ne. Wannan ɗan itacen da kakarki, wadda kika ci sunanta, ta shuka ya zagaye gidanmu na ƙauye a matsayin shinge, awaki na cin ganyensa, mu kuma muna raina 'ya'yansa don sun daɗe ba su nuna a tukunya ba. Mu muna kiransa na Turawa, ashe mutanen Indiya ne ke cinsa kusan kullum, har suna sayowa daga ƙasashen Afirka. Kuma watanni kaɗan kafin ranar, ni da kaina na sa aka sare shingen nan duka, na sa waya, don gidan ya yi kama da na zamani.

Na tambaye shi me ya sa bai nuna mini hoton tun ranar farko ba. Ya ce ai na ce akwai, da yawa ma.

Shawara a nan gajera ce. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba. Kalmar wake a bakinmu tana ɗaukar kaya da yawa, a bakin mai saye abu ɗaya take nufi. Ki nemi hoto, ki nemi ya rubuta sunan, ki tambayi launi, girma, da irin bushewar da yake so, ki rubuta a gabansa, ki karanta masa ya ce e. Na rubuta sunan kowane iri na kimiyya a takarda, na sa malamina ya duba rubutun, mamanki ta liƙa a jikin kowane ƙulli. Babu kunya a cewa babu. Kunyar tana wurin mai gadi.

Abu ɗaya mai kyau ya fito daga wannan wahala. Na tafi ƙauye na gaya wa Mama Tabita labarin da bakina, tun kafin ta ji a wani wuri. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zani, daga nan ta ce ita nata shingen yana nan, ba ta da ɗa mai ilimi da zai sare mata. Daga nata aka sami iri, matan suka shuka a iyakokin gonakinsu. Da na karɓi digirina wata huɗu da suka wuce, na kai mata hoton da na ɗauka da riga da hula, na roƙe ta a sake gwada kasuwar waje. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce hular ta yi mini kyau, amma hannuwan da ke leƙowa daga rigar su ne dai na da. Ta ce in Rahila ce za ta kai, ta yarda.

Batun takardu kuma, ke ce gwana, ba zan koya miki ba. Zan dai faɗa miki cewa akwai lokacin da na taɓa tura kwafin takardar gwaji na ɓoye ta asali a ƙarƙashin katifa don kada ta ɓace, kaya suka yi kwana tara suna jiran takardar da ke kwance lafiya a Kamazou. Na asali suna cikin ambulan mai ruwan ƙasa a jakarki. Kwafi yana wurina, wani wurin mamanki, wani wurin fasto.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutun nan.

Jiya Laraba da hantsi, kin fita sallama da ƙawayenki, akwatinki na buɗe a falo. Na shiga don in tabbatar ƙullin uku ne, ba biyu ba, ba huɗu ba. Uku ne. Na ƙirga sau biyu. Na tsaya ina kallonsu, ƙanana, a liƙe, za su je wurin manyan mutane a babban gari. A gefe kuma ga tiren waken da mamanki ke tsincewa don abincin rana. Wallahi ban san lokacin da abin ya faru ba. Na dai ji ludayi ya sauka a bayan hannuna. Da na duba, hannuna na dama cike yake da wake, yana sama da akwatinki, hannun hagu kuma yana laluben bakin ƙulli na farko.

Mamanki ta ce, "Baban Rahila, wa ya aike ka?"

Na ce dubawa kawai nake yi. Ta ce ta ga abin da nake dubawa. Ta tuna mini shekaruna hamsin da tara, digiri ɗaya, babur ɗaya da ya tafi. Ta rufe akwatin, ta sa kwado, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, shi ya sa kika same shi a kulle kika yi ta tambaya. Hatimin uku suna nan lafiya, ban taɓa su ba, ita ce shaida. Ki duba da idonki in kin sauka, amma daga waje.

Sai ga ni tsaye a tsakiyar falo da wake cike da hannu. Ta ce in mayar a tire. Na kasa. Kin sani, gyaran da aka riga aka ɗiba ba ya komawa buhu, ba a taɓa yi ba. Na yi ta yawo da shi a hannu har ta gaji ta miƙo mini hankicina.

Don haka in kin ji wani abu yana motsi a cikin takalminki na coci, ƙafar hagu, kada ki tsorata. Mamanki ce ta sa shi da kanta, a can ƙarshen akwati, nesa da ƙullin, an naɗe takalmin a leda biyu. Na liƙa masa takarda: farin wake, ba a gwada ba, ba na sayarwa ba. Kada Madam ta gan shi, kada mai niƙa gari ya gan shi, Ba'indiyen nan kuwa ya ga isasshen farin wake daga hannuna. Naki ne. Ba zai cika tukunya ba, ki haɗa da shinkafa ranar Lahadinki ta farko, in kin dawo daga coci kin sami ɗaki shiru.

Na yi shekara biyar ina karatu don in koyi yadda ake sallamar kaya ba gyara, kuma ina ganin na koya, in akwai mai ludayi a kusa. Yadda ake sallamar 'ya ba gyara, wannan ba ya cikin manhajar. Kin san abin da gyara ke cewa: ki dawo.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki daga mugun direba, mugun maƙwabci, da kyakkyawar niyya irin ta babanki. Ya ba ki tagomashi a gaban masu saye uku, ko biyu, ko ɗaya ma mun gode. Ya sa Mama Tabita ta nemi wani abin rubutawa a kabarina. Ki kira in kun tsaya cin abinci, ki kira in kin sauka, ki kira in kin miƙa kowane ƙulli, ki faɗa mini ƙarfe nawa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Amin.

Ni ne babanki,
Bitrus